Maraƙin Zinariya da Macijin Tagulla

Akwai wani abu a labarin ɗan maraƙin zinariya da masu karatu kan tsallake, alhali a kansa maganar duka ta rataya. Littafin Fitowa, a babi na 32, ya ce Annabi Musa ya hau dutse ya jima, jama'a suka gaji da jira, suka tara 'yan kunnen zinariya, aka narka aka zuba siffar maraƙi. Wannan kam kowa ya sani, Musulmi da Kirista, ko da yake Alkur'ani ya ɗora laifin ƙirar a kan Samiri, Fitowa kuwa ta ce Haruna ne ya karɓi zinariyar da hannunsa. Abin da ake tsallakewa shi ne furucin jama'ar sa'ad da suka ga maraƙin a tsaye. Ba su ce sun sallami tsohon Ubangiji sun sami sabo ba. Cewa suka yi ga abin bautar da ya fito da su daga Masar. Haruna ma ya gina bagade a gabansa, ya yi shelar idi washegari, da sunan Ubangijin nan da ya yi magana da Musa. Ke nan mutanen ba su manta da Fir'auna ba, ba su manta da teku ba. Watanni kaɗan ne tsakani, kuma da sunan wannan tarihin ne suka yi rawa a gaban gunkin. Duk da haka, da mai Zabura ta 106 ya zo ba da labarin, sai ya ce mantuwa suka yi. To wace irin mantuwa ce mutum zai yi, alhali abin da aka ce ya manta yana bakinsa?

A ganina, littattafan Isra'ilawa na dā ba sa nufin ɓacewar labari daga ƙwaƙwalwa idan suka yi maganar mantuwa. Butulci suke nufi, wato mutum ya riƙe kyauta ya saki mai kyautar, ko kuwa ya rage shi ya mai da shi wani abu da zai iya sarrafawa. Idan haka ne, bautar gumaka ita ma wata irin tunawa ce, wadda ta gurɓace. Daga nan kuma wata matsala ta taso wadda littattafan ba su kauce mata ba. Suna cewa tunawa da amincin Allah ce garkuwa daga gumaka, amma su da kansu sun nuna cewa kayan tunawar kan rikiɗe su zama gumakan. Wanda ya karanta su da natsuwa zai tarar cewa rabin gwagwarmayarsu da gumakan maƙwabta ce, sauran rabin kuwa da abubuwan tsarkin da ke cikin gidansu.

Littafin Maimaitawar Shari'a ya fi kowane littafi nanata umarnin tunawa. An tsara shi a matsayin huɗubar bankwana ta Musa a filayen Mowab, ana dab da ƙetare Urdun, kuma abin mamaki, yunwa ba ta cikin abubuwan da suka fi tsorata mai huɗubar. Ƙoshi yake tsoro. A babi na 8 ya zana ƙasar da za a shiga, mai rafuka da alkama da sha'ir da inabi da ɓaure da rumman da zaitun da zuma, mai ƙarfe a duwatsunta da tagulla a tuddanta, sa'an nan ya gargaɗe su game da ranar da za su ci su ƙoshi, su gina gidaje masu kyau, garkuna su yawaita. A jeji babu yadda za a yi mutum ya ruɗe game da inda abincinsa ke fitowa. Manna takan sauko kowace safiya, kuma ba ta ajiyuwa. Wanda ya ɓoye ta don gobe, in ba jajibirin Asabar ba, yakan tarar ta yi tsutsa ta yi wari. A ƙasar noma kuwa, tsakanin kyautar da bakin mai ci akwai garma da iri da gumi da rumbu, kowannensu yana iya cewa shi ne. Ya kamata a lura da jerin gargaɗin a wannan babi. Kafin a ambaci bin waɗansu alloli, an fara ambaton mutumin da ke ce wa zuciyarsa ƙarfinsa da ƙwazon hannunsa ne suka tara masa dukiya. Gunkin farko hannun mutum ne, na itace da na dutse daga baya suke zuwa.

Babi na 11 ya ƙara wani bayani da duk manomi zai gane nan take. Ya ce ƙasar Kan'ana ba kamar Masar take ba. A Masar kogin Nilu yana nan, mutum ya ja ruwa ya shayar da shukarsa kamar mai lambu. A tuddan Kan'ana kuwa sai abin da sama ta zubar. Bambancin da ke tsakanin mai fadama da mai gonar tudu ke nan, wanda ya yi shuka ya zauna yana duban gabas ko hadari zai taso. Kuma a wannan yanki akwai wanda aka daɗe da sanin cewa ruwan sama sana'arsa ce, wato Ba'al. Allunan yumɓun da aka fara tonowa a Ras Shamra, tsohon birnin Ugarit a gaɓar Siriya, tun daga 1929, sun nuna shi a matsayin ubangijin hadari da tsawa, mai hawan gizagizai. Manomin Isra'ila da ya yi wa Ba'al hadaya bai ɗauki kansa a matsayin wanda ya yi ridda ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: Ubangiji ya cece mu daga Fir'auna, mun gode, amma ruwan wannan ƙasa akwai mai shi, kuma 'ya'yana za su ci abinci. Rabon aiki ya yi wa alloli. Rubutun da aka samu a Kuntillet Ajrud, a arewacin Sinai, a tonon 1975 da 1976, wanda ya kai wajen shekara 800 kafin haihuwar Almasihu, yana sa albarka da sunan Yahweh na Samariya da Asherarsa. Masana na ta jayayya ko allahiya ake nufi ko wani ginshiƙin tsafi, amma ko wanne ne, gamin gambiza ce. Shi ya sa Iliya a Dutsen Karmel bai tuhumi jama'a da barin Ubangiji kacokan ba, da raba ƙafa ya tuhume su. Shi ya sa kuma Hosiya, a babi na 2, ya kwatanta Isra'ila da matar da ke gode wa samarinta saboda hatsi da mai da ulu, ba ta san mijinta ne ke ajiye mata su ba, har azurfa da zinariyar da ta kai wa Ba'al daga hannunsa suka fito.

A nan mai adalci zai iya ɗaga hannu ya ce annabawan sun yi wa maƙwabtansu rashin adalci. Ishaya, a babi na 44, ya yi wa mai sassaƙa ba'a, mutumin da ya sare itace ya ƙona rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ya durƙusa wa sauran rabin. Amma mutanen Babila ba wawaye ba ne. Sun san kafinta ne ya sassaƙa gunkin. Suna da wani biki na wanke bakin mutum-mutumi, inda ake jefa kayan aikin masassaƙa a kogi, a yi kamar an yanke musu hannu da wuƙar itace, su kuma su rantse cewa ba su ne suka yi shi ba. Ma'anar ita ce allahn ya sauko ya zauna a cikin siffar, siffar ta zama wurin ganawa da shi. Haka ma maraƙan da Yerobowam ya kafa a Betel da Dan bayan rabuwar masarauta, wajen shekara ta 930: masana da yawa suna ganin ba su ne abin bautar ba, karaga ce ta Allahn da ba a gani, kamar yadda a zane-zanen Siriya ake nuna allahn hadari tsaye a bayan bijimi, kuma kamar yadda kerubobi suke a kan akwatin alkawari a Urushalima. In haka ne, me ya raba maraƙin Betel da akwatin Urushalima, ban da cewa mutanen Urushalima ne suka riƙe alƙalami?

Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma ban ga amfanin musun cewa akwai siyasa a yadda Littafin Sarakuna ya ba da labarin masarautar arewa ba. Amma hujjar da Maimaitawar Shari'a ta kafa a babi na 4 ba ta dogara da cewa masu gumaka jahilai ne ba. Hujjar tunawa ce. Ta ce a ranar da aka tsaya a Dutsen Horeb, wuta na ci, an ji murya amma ba a ga siffar komai ba, saboda haka kada a ƙera siffar komai. Murya tana zuwa lokacin da mai ita ya ga dama, ta faɗi abin da mai ita ya so, har da abin da mai sauraro ba ya son ji. Siffa kuwa tana nan inda aka ajiye ta, ana buɗe mata ƙofa a rufe, ana ɗaukarta a kai ta inda ake bukata, kuma ba ta taɓa tsawata wa kowa. Ishaya a babi na 46 ya kama bakin zaren, da ya kwatanta Bel da Nebo, allolin Babila, an ɗora su a kan dabbobin da suka gaji da nauyinsu, da Allahn da ya ɗauki jama'arsa tun daga ciki har zuwa furfura. Tambayar ita ce wa ke ɗauke da wa. Kuma amsar ƙorafin game da akwatin alkawari tana cikin littattafan kansu, domin ba su ɗaga wa akwatin ƙafa ba. A 1 Sama'ila babi na 4, bayan Filistiyawa sun kashe musu mutum kusan 4,000, dattawan Isra'ila suka ce a ɗauko akwatin daga Shilo don ya cece su. Aka ɗauko, aka yi sowa har ƙasa ta amsa, aka shiga yaƙi, aka kashe musu 30,000, aka ƙwace akwatin, 'ya'yan firist Eli biyu suka mutu. Ranar da suka yi da akwatin abin da maƙwabtansu ke yi da gumaka, ranar ya zama katako mai rufin zinariya a hannunsu. Marubucin da ke son kare kayan Urushalima kawai ba zai bar wannan labari a littafi ba.

Misalin da ya fi kowanne kaifi shi ne macijin tagulla. A Littafin Ƙidaya babi na 21, macizai masu dafi suka faɗa wa jama'a a jeji, Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera maciji ya ɗora a kan sanda, wanda aka sara ya dube shi ya rayu. Babu wani abin tarihi da ya fi wannan asali mai kyau: umarnin Allah, hannun Musa, shaidar rahama. An adana shi ɗaruruwan shekaru. Sai ga shi a 2 Sarakuna babi na 18, a ƙarshen ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, Sarki Hezekiya ya farfashe shi, domin mutane sun koma ƙona masa turare, kuma marubucin bai zarge shi da lalata kayan gado ba, yabonsa ya yi. Babu shakka waɗanda ke ƙona turaren za su ce tunawa suke yi da amincin Allah, kuma ta wata fuska gaskiya suka faɗa. Haka Gidiyon, wanda ya ƙi sarauta yana cewa Ubangiji ne sarki, ya karɓi 'yan kunnen ganimar Madayanawa, shekel 1,700 na zinariya, ya yi wani abin tsarki ya ajiye a garinsu Ofra, abin ya zama tarko gare shi da gidansa. Gilgal, inda Joshuwa ya kafa duwatsu 12 da aka ɗebo daga tsakiyar Urdun, ita ce Amos da Hosiya suka ambata daga baya a cikin wuraren da ake tara zunubi da sunan ibada. Haikalin Urushalima ma bai tsira ba. Irmiya ya tsaya a ƙofarsa, a babi na 7, ya ce wa masu shiga suna sata da kisa da rantsuwar ƙarya sa'an nan su zo su fake da ginin suna cewa sun tsira, ya ce su je Shilo su ga abin da ya rage.

Mene ne, to, ya raba abin tunawa da gunki, tunda dukansu dutse ne ko ƙarfe? Labarin duwatsun Joshuwa ya ba da amsa ta farko. An faɗi aikinsu ƙarara: domin wata rana yaro ya gan su ya tambayi ubansa ma'anarsu, uban ya ba shi labari. Dutsen ba ya karɓar hadaya, tambaya yake jawowa, kuma da zarar an ba da labarin ya gama aikinsa. Haka Idin Ƙetarewa, haka dokokin babi na 6 na Maimaitawar Shari'a, duk an gina su a kan ɗa mai tambaya da uba mai amsawa. Amsar kuma ba kirari ba ce. Uban zai fara da cewa su bayi ne a Masar. Manomin da ya kawo kwandon nunan fari, a babi na 26, zai tsaya a gaban bagade ya ce kakansa Ba'aramiye ne mai yawo da ba shi da ƙasa. Babi na 7 ya ce ba don yawansu aka zaɓe su ba, su ne mafi ƙanƙanta. Babi na 9 ya ce ba don adalcinsu aka ba su ƙasar ba, masu taurin kai ne, ya kuma umarce su da su riƙa tuna labarin maraƙin nan. A gwada wannan da yadda sarakunan zamanin ke rubuta tarihinsu. Dutsen Fir'auna Merneptah, na wajen shekara ta 1208, wanda shi ne rubutu mafi tsufa da ya ambaci Isra'ila a wajen littattafansu, ya ambace su ne don ya yi alfaharin ya shafe su. Hausawa kan ce tuna baya shi ne roƙo, kuma maroƙi ya san abin da ake tunawa da abin da ake binnewa. Tunawar da Attaura ta umarta ta ƙi binne abin kunyar. Wanda ke maimaita kowace shekara cewa shi bawa ne da aka fansa kuma mai tawaye da aka yafe wa, zai yi masa wuya ya durƙusa wa hannunsa.

Amsa ta biyu ta fi ta farko tsanani, domin ta fitar da maganar daga wurin ibada ta kai ta gona da kasuwa. A Maimaitawar Shari'a, sau da yawa idan aka ce a tuna da bautar Masar, wani hakki ne ke manne da umarnin. A huta ranar Asabar, bawa da baiwa su ma su huta. Bawa Ba'ibrane ya yi shekara shida, a ta bakwai a sake shi, kuma kada ya tafi hannu rabbana, a ɗebo masa daga garke da masussuka. Kada a karɓi rigar gwauruwa jingina. Kada a sake bin itacen zaitun bayan an karkaɗe shi, abin da ya rage na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Har akwai wata mantuwa guda da doka ta tsare: wanda ya manta dami a gona, kada ya koma ya ɗauka. Ba'al bai taɓa neman irin wannan daga wurin kowa ba, a ba shi rabonsa ya ba da ruwa, ciniki ya ƙare. Irmiya babi na 34 ya nuna yadda ma'aunin ke aiki. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Sarki Zedekiya da manyan gari suka yi alkawari a Haikali suka 'yanta bayinsu. Da rundunar Masar ta taso, Babilawa suka janye na ɗan lokaci, sai iyayengijin suka bi bayin suka kamo su. Irmiya ya tuna musu da alkawarin ranar fitowa daga gidan bauta, ya ce sun ɓata sunan Allah. Ba a ambaci gunki ko ɗaya a wannan babi ba, amma duk abin da ake ƙi a bautar gumaka yana ciki: an nemi Allah sa'ad da wuya ta yi wuya, an biya shi abin da ake zaton farashinsa ne, da aka ga hadarin ya wuce aka karɓe kuɗin.

Masana tarihi suna da nasu ƙorafin. Tun 1805, da Bajamushe De Wette ya danganta Maimaitawar Shari'a da littafin da firist Hilkiya ya samu a Haikali a zamanin Sarki Yosiya, wajen shekara ta 622, da yawa ke ganin an tsara littafin ne ɗaruruwan shekaru bayan Musa, kuma ya yi wa fadar Urushalima amfani wajen rufe sauran wuraren hadaya. Suna ƙarawa da cewa masu tonon ƙasa ba su sami sawun gagarumar hijira a Sinai ba. Masu imani na da amsoshinsu, muhawarar ba ta mutu ba. Amma ko da an karɓi ra'ayin masanan dungurungum, tambaya ta rage a kan irin tunawar da aka zaɓa. Fadar da ke ƙirƙira wa kanta tarihi ba ta saba cewa kakanninta bayi ne masu gunaguni ba, ba ta saba sa hannun Haruna, babban firist na farko, a ƙirar gunki ba, balle ta rubuta doka, kamar ta babi na 17, da ke hana sarki tara dawakai da mata da zinariya, ta kuma tilasta masa karanta shari'a kullum don kada ya ɗauki kansa sama da 'yan'uwansa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi daga cikin gida ya fito, kuma daga bakin mata. Bayan faɗuwar Urushalima a 586, wasu Yahudawa suka gudu Masar suka tafi da Irmiya. A babi na 44 ya ce musu gumaka ne suka jawo musu wannan masifa. Suka amsa masa da tasu tunawar. Suka ce sa'ad da su da iyayensu da sarakunansu ke ƙona turare ga Sarauniyar Sama, abinci ya wadata, ba su ga masifa ba. Tun da suka daina, sai takobi da yunwa. Matan suka ƙara da cewa wainar da suke toya mata, ai da sanin mazajensu suke yi. Sauƙin abin shi ne a ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, a haɗa su da kakanninsu na jeji da suka tuna kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar suka manta da bulala. Amma lissafin matan ba na banza ba ne. Manassa, wanda Littafin Sarakuna ya ɗauka a matsayin mafi mugunta cikin sarakunan Yahuza, ya yi shekara 55 a kan gado ya mutu a gidansa. Jikansa Yosiya, wanda ya share gumaka, wanda aka ce ba a yi kamarsa ba, Fir'auna Neko ya kashe shi a Megiddo a 609 yana da shekara 39, kuma ba a cika shekara 25 ba birnin ya zama kufai. In dai ma'aunin shi ne wa ya fi biya, to matan suna da hujja.

Ina ganin ba za a iya ba su amsa ta gaskiya ba sai an yarda cewa wani sashe na Maimaitawar Shari'a, musamman jerin albarku da la'anoni na babi na 28, yana iya karantuwa kamar takardar ciniki: yi biyayya ruwa ya sauka, ƙi biyayya sama ta zama tagulla. Wanda ya tsaya a nan, ya bauta wa Ubangiji don shi ne ya fi biya, bai bar addinin Ba'al ba, suna kawai ya canza, kuma ranar da ciniki ya faɗi zai koma wurin Sarauniyar Sama. Abin da ya hana littattafan Isra'ila tsayawa a nan shi ne sun bar muryoyin da suka ƙaryata sauƙin lissafin. Littafin Ayuba ya buɗe da tambayar Shaiɗan, ko akwai mai tsoron Allah ba don lada ba, kuma abokan Ayuba da suka kare lissafin su ne aka tsawata wa a ƙarshe. Zabura ta 44 ta fi ƙarfin hali. Ta fara da tunawa, abin da iyaye suka ba da labari, cewa ba takobinsu ne ya ci musu ƙasa ba. Sa'an nan ta ce an watsar da su, an sayar da su a banza, ana yanka su kamar tumaki, alhali ba su manta ba, ba su miƙa hannu ga baƙon allah ba. Ta ƙare da tashin Allah daga barci, kamar mai buga ƙofar wanda ya yi masa alkawari. Matan Yahudawan da suka gudu Masar da mai wannan zabura masifa iri ɗaya suka gani, kuma dukansu tunawa suka yi. Su sun tuna da abinci, suka tafi neman wanda zai dawo da shi. Shi ya tuna da wanda ya yi alkawari, ya kai ƙararsa gare shi. Tunawa ba ta ba shi tabbacin ƙoshi ba, bakin magana ta ba shi, kuma wannan ne kaɗai abin da ke iya rayuwa bayan an ƙone Haikali. Ban ce wannan ya share hawayen uwar da ta binne 'ya'yanta a lokacin kewayen birnin ba. Littafin Makoki ma bai ce haka ba.

Akwai mataki na ƙarshe da annabawan suka ɗauka, wanda ke nuna iyakar inda suka bi wannan tunani. Irmiya, a babi na 3, ya ce kwanaki na zuwa da ba za a ƙara ambaton akwatin alkawari ba, ba za a yi kewarsa ba, ba kuma za a sake yin wani ba. Ishaya a babi na 43, bayan ya tuna musu da hanyar da aka buɗe a teku, nan take ya ce su daina zama a kan al'amuran dā, domin sabon abu na tafe. Mutanen da suka fi kowa nanata tunawa su ne suka ce har fitowa daga Masar ba za a mai da ita shingen da zai tsare Allah a jiya ba. Kuma abin da ya biyo baya ya tafi daidai da maganar Irmiya. Littafin 2 Sarakuna babi na 25 ya lissafa abin da Babilawa suka kwashe, ginshiƙan tagulla da babbar kwatarniya da tukwane da manyan cokula, bai ambaci akwatin ba. Ezra babi na 1 ya ce Sairus na Farisa ya mayar da kayan zinariya da azurfa 5,400, babu akwatin a ciki. Waɗanda suka komo suka gama sabon Haikali wajen shekara ta 515. Suna da itace, suna da zinariya, suna da masassaƙa, kuma awon akwatin yana rubuce a Littafin Fitowa, tsawo da faɗi da tsayi. Ba su ƙera wani ba.